Me ya hana Antonio, attajirin Venice, walwala?

Wasan Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, wanda aka fara bugawa a 1600, da ƙorafin mai kuɗi ya buɗe. Antonio ya ce wa abokansa ransa a ɓace yake, shi kansa bai san dalili ba. Ɗaya daga cikinsu, Salarino, ya ce jiragen ruwansa ne da ke kan teku suka hana shi sukuni. Antonio ya ce a'a, bai zuba dukiyarsa a jirgi ɗaya ba. Aka ce to soyayya ce, ya yi tsaki ya kau da zancen.

Wannan tsakin ne ban yarda da shi ba.

Wasu masu nazari sun ce halittarsa ce haka, don likitocin wancan zamanin sun ɗauka yawan baƙin ruwa a jiki ke sa mutum zama jugum. Wasu sun ce jikinsa ne ya ba shi cewa asara na tafe. Ni dai ina ganin amininsa Bassanio ne dalili. Da sauran abokai suka tafi, nan da nan Antonio ya tambayi Bassanio wace mata ce ya yi alkawarin ba shi labarinta yau. Ashe tun kafin a ɗaga labule ya san amininsa na shirin neman aure.

Sai a duba abin da ya biyo baya. Antonio, mutumin da ya tsani cin kuɗin ruwa, ya tafi wajen Shylock mai ba da bashi da ruwa, wanda ya sha tofa wa yawu, ya ci bashin ducat (kuɗin Venice na lokacin) 3,000 na wata uku, ya jinginar da naman jikinsa, duk don Bassanio ya isa Belmont wajen Portia, matar da yake nema da aure. Ɗan kasuwa mai lissafi ba ya yin haka. Wani abokinsu, Solanio, ma ya faɗa cewa saboda Bassanio kaɗai Antonio yake son duniya. Da labari ya zo cewa jiragensa sun salwanta, ya kasa biyan bashin, aka je kotu, Antonio bai yi wani ƙoƙarin kare kansa ba, burinsa Bassanio ya ga mutuwarsa, ya shaida irin son da ya yi masa.

Ko aminci ne ko ya zarce haka, kamar yadda marubucin waƙoƙi W. H. Auden ya karanta, wasan bai fayyace ba. Amma Portia ta gane tana da kishiya. Zoben da ta ba Bassanio da suka yi aure, wanda Antonio ya sa shi ya kyautar, da ya dawo wajenta a hannun Antonion ta sa shi ya mayar wa mijinta. Jiragensa uku sun dawo lafiya, ma'aurata suka shige gida bibbiyu, shi ba shi da abokin shiga.