Zakka Tana Halatta Ga Ɗalibin Koyon Sana'a

A Mai Wurno da Gadarif, a ƙasar Sudan, za ka ji ana cewa zakka ta almajirin halwa ce, wato makarantar allo, ɗan kwalejin fasaha kuwa sai dai ubansa ya ji da shi. Ba haka ba ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas, farkonsu fakirai da miskinai, kuma ba ta tambayi abin da suke karantawa ba. Yaron da ke koyon walda ko gyaran tarakta, wanda tun yaƙin Afrilun 2023 ba shi da kuɗin mota balle na sayen sifana, miskini ne. 'Yan kasuwar riɗi da masu gareji, ku da za ku nemi aikin hannunsa gobe, ku fara ba shi.