Farfesa Akin Euba ya cancanci wannan tunawa

Madalla da rahoton da kuka wallafa kan rayuwar marigayi Farfesa Akin Euba, masanin kiɗa ɗan Najeriya. Amma kun tsaya kan kujerar da ya riƙe a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, kuka wuce abin da ya fi burge ni game da shi.

An haife shi a Legas a 1935, ya koyi kiɗan piyano da tsara waƙa a Landan. Da ya so, da ya ci gaba da bin sawun Turawa kawai. Sai ya koma kan gangar dundun ta Yarbawa, 'yar'uwar kalangunmu mai magana, ya yi digirin digirgir a kanta a Jami'ar Ghana a 1974. Ya kuma dage cewa ana iya kaɗa piyano kamar ganga, a ji amon Afirka a cikinta. Wallahi wannan tunani ya taɓa ni ƙwarai, domin mutumin bai raba aji da fagen kiɗa ba. Abin da ya bincika shi yake rubutawa, shi kuma yake koya wa ɗalibai.

Ya rasu a 2020. Ina roƙonku, ku sa mana sautin ayyukansa a ƙasan labarin mu saurara.