Yaron da ba a taɓa ce masa bari ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar na ga wani abu a layinmu nan unguwar Zango a Damagaram wanda har na kwanta bai bar raina ba. Wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya ɗauko moton babansa yana ta tsala gudu a cikin lungu, saura kaɗan ya take wata yarinya da ta turo bido biyu na ruwa a baro, ruwan da ta sha layi kafin ta samu ya zube ƙasa. Wani dattijo da a haife ya haifi uban yaron ma ya tsayar da shi ya yi masa faɗa, wallahi ko hannu bai ɗaga ba. Kafin ka ce me uwar ta fito ko mayafi babu tana cewa "Baba ba kai ka haifa min shi ba", uban ya zo shi ma ya ɗora nasa, wai a bar masa ɗa ya sha iska. Yaron kuma yana jingine da moto yana dariya.

Dariyar nan ita ta fi ƙona min rai. Ya gane cewa duk abin da ya yi akwai mai tare masa.

Haba iyaye, wannan tare wa ɗa faɗa da muka mayar da shi soyayya ina zai kai mu? Mushe ya karɓe salula a cikin aji, gobe da safe uba ya je lakwal yana zage-zage gaban ɗalibai. Malamin allo ya tsawatar, a cire yaro a kai shi wata makaranta. Maƙwabciya ta ce ta ga 'yarki a inda bai dace ba, ki ce hassada take yi, a daina gaisawa shekara guda. Yaro ya faɗi jarrabawar BEPC, maimakon a zaunar da shi a tambaye shi ina ya kai dararen da ya kamata ya yi karatu, sai a ce mushe ne ba ya sonsa, ko a ce jifa aka yi masa a tafi neman rubutu. Kullum laifin na wani ne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Ni ma uba ne, na san zafin ɗa, na san yadda zuciya ke yi in ka ga naka yana kuka. Amma yaron da bai taɓa jin "a'a" a gida ba, bai taɓa ɗaukar bido ba a garin da kowa ya san wahalar ruwansa in Afrilu da Mayu suka kama zafi ya haura digiri 40, bai taɓa jiran abu har ya samu ba, ranar da duniya ta ce masa a'a sai ya karye kamar kara. Su ne za ka ga budurwa ta ƙi shi ya daina cin abinci, ya nemi aiki sau ɗaya bai samu ba ya ce ƙasar ta lalace ya koma fada ya zauna daga safe har dare ana dafa shayi. A can kuma akwai mai miƙa masa tramol ya ce sha ka manta. Kada ma a fara maganar TikTok, yara mata ƙanana suna rawa a ɗakin uwarsu, uwar ce ma ta sayi salular kuma ita ke sa mata kuɗin intanet, in ka yi magana a ce zamani ne.

Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado samarinmu nawa suka bi hanyar Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya? A can wa zai fito ba mayafi ya tare masa? Wanda aka saba masa da haƙuri tun yana ƙarami shi ke iya jurewa ya dawo da mutuncinsa. Luƙmanu da yake yi wa ɗansa wasiyya a cikin Alƙur'ani, bayan ya ce ya tsai da salla ya yi umarni da kyakkyawa ya hana mummuna, sai ya ce ya yi haƙuri a kan abin da ya same shi. Uba ne ke gaya wa ɗansa cewa wuya za ta zo. Mu kuma muna ɓoye musu ita kamar za mu dawwama tare da su.

Ba duka nake kira a yi ba, don akwai iyayen da su ma sun wuce gona da iri, bulala da zagi har yaro ya tsani gida, wannan ma ɓarna ce. A dai bar yaro ya ɗanɗani sakamakon abin da ya yi, a bar na gaba da shi ya gyara masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da muna yara a Damagaram ɗa na kowa ne. In wani dattijo ya kama ka kana wasa lokacin salla a Birni, kafin ka iso gida labari ya riga ka, kuma addu'arka kada baba ya ji don sai ya ƙara maka, washegari ya kama hannunka ku je ku yi wa dattijon godiya. Aike ko na waye ka je kasuwar Dole ka dawo da canji cif. Ba a cin abinci a bar ɗan maƙwabci yana kallo, haka kuma ba a ganin yana ɓarna a kau da kai. Ina wannan ya tafi ne jama'a?

Yau da asuba na samu dattijon nan a masallaci na ba shi haƙuri. Ya ce min "ɗana na gama, ko rijiya na ga yaro zai faɗa ba zan sake buɗe baki ba." Da hantsi yaron ya sake wucewa da moton a guje, mu biyar muna zaune a ƙofar gida, babu wanda ya ce masa komai.