Masu Ƙin Sulhu Daga Nesa

Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda wasu suke ta jinjina wa waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da sulhu tsakanin gwamnatin Kolombiya da 'yan tawaye a ƙuri'ar raba gardama ta ranar 2 ga Oktoban 2016, wai sun nuna jarumta, sun ƙi sayar da jinin 'yan'uwansu ga 'yan tawayen FARC. Madalla da jarumtar wanda bai taɓa kwana da ƙarar bindiga a kunnensa ba!

Ku je ku duba garin Bojayá. A watan Mayun 2002, bam ɗin da FARC ta harba ya faɗa kan cocin da mutanen garin suka fake a ciki, ya kashe aƙalla mutum 79, da yawansu yara ƙanana. Waɗannan mutanen da suka tsinci gawarwakin 'ya'yansu da hannunsu, su ne fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu ƙuri'arsu suka ce a yi sulhu. Wanda aka zalunta ya ce ya gaji, a ajiye makami, amma wanda yake kallon yaƙin a talabijin daga birnin Medellín ya ce sam, ba a rama ba tukuna.

Na san za a ce ina adalci, tunda shugabannin tawayen ba za su shiga kurkuku ba, har ma an ware musu kujeru 10 a majalisa. Abin da ciwo, babu shakka. To amma sojoji sun shafe shekara 52 suna neman wannan adalcin da bakin bindiga, mutum sama da 220,000 suka mutu, kuma ba su same shi ba. Álvaro Uribe, tsohon shugaban ƙasar kuma jagoran masu ƙin sulhun, ya yi shekara 8 yana mulki yana luguden wuta, bai ga bayan FARC ba. Mai cewa a ci gaba da yaƙi sai ya fara faɗa mana ɗan wa zai tura daji.

Shekara 4 aka yi ana tattaunawa a Havana, babban birnin Kuba, tazarar ƙuri'a kusan 54,000 ta rusa yarjejeniyar da aka cimma a wuni ɗaya, har sai da shugaban Kolombiya na lokacin, Juan Manuel Santos, ya gyara ta ya bi da ita ta majalisa a watan Nuwamba. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe kuwa ko fitowa ba su yi ba, kuma a gaɓar tekun Karibiyan, inda masu son sulhu suka fi yawa, ruwan guguwar Matthew ne ya tsare mutane da dama a gida ranar zaɓen.