Tsohuwar Monzen da katangar gidanmu

A watan jiya na raka wani abokin aikina daga Kanazawa zuwa zirin Noto, a gaɓar tekun Japan, inda girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.6 ta afka ranar 1 ga Janairun 2024, ambaliya kuma ta biyo baya a watan Satumba. Shi ziyarar ibada ta kai shi gidan bautar Sojiji da ke Monzen, wanda mabiya addinin Buda suka kafa tun 1321. An shekara 14 ana gyaran wurin bayan girgizar 2007, aka kammala a 2021, ga shi wasu sassansa sun sake zubewa.

Hanyar tana bin bakin teku, kuma a wasu wurare ƙasa ta ɗago har mita 4, ta yadda duwatsun da suke ƙarƙashin ruwa a dā suka fito fili fari fat, mashigar jiragen masunta ta zama tudu. Rufin gidaje da yawa yana lulluɓe da shuɗin tamfol, filin kasuwar safe ta Wajima da gobara ta cinye kuwa an share shi tas.

Abin da ya tsaya mini a rai wata tsohuwa ce da ta ba mu shayi a ɗakinta na wucin gadi, ɗaya daga cikin ɗakunan da aka jera kamar akwatuna, kowanne da lambarsa da lantarki da ruwan famfo. Ƴaƴanta suna Tokyo, ta ce mana kwana huɗu ke nan ba wanda ya yi mata sallama.

Ba na musun cewa tsarinsu ya fi namu. Mu da ruwa ya kori tsohon garinmu Maraɗi daga kwarin Gulbi zuwa tudu tun 1945, har yau gidajen laka suna faɗuwa duk damina, kuma ba mu manta da rayukan da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya ci a Maraɗi ba. Amma a Noto, waɗanda suka rasu daga baya saboda wahalar gudun hijira da ciwo sun fi waɗanda gini ya danne yawa, akasarinsu tsofaffi. A unguwannin Maraɗi irin su Bagalam ko Mokoyo, wace tsohuwa ce ɗakinta zai faɗi ta kwana huɗu ba a leƙa ta ba? Kafin hukuma ta ƙidaya gidaje, maƙwabta sun kwashe ta, an kai mata tuwo, samari sun yi gayyar kwaɓa ƙasa. Wannan a ganina ya fi ɗaki mai lamba.

A waccan daminar ta 2024 katangar gidanmu ta faɗi, ƴaƴan maƙwabta suka tayar da ita, ni kuɗi kawai na aika. Da muka fito daga ɗakin tsohuwar na kira Inna, ta ce, “Katanga ta tsaya, ɗan nan, kai ne dai shekara biyar ba mu sa ka a ido ba.”