Zaman Kason da Wayata Ta Yi a Teburin Mai Shayi

Lalaci iri-iri ne. Akwai na kwanciya, wanda kowa ya sani, mai shi bai wahalar da kowa ba, shi ma bai wahala ba. Nawa ba irin wannan ba ne. Ni malalaci ne mai aiki tuƙuru. Da zarar an ce jarrabawa ta matso, ranar nake share ɗaki har ƙarƙashin gado, in wanke takalman da rabona da su tun ina aji ɗaya, in fere fensir alhali da biro ake rubuta jarrabawar. Duk wanda ya leƙo sai ya ce yaron nan akwai himma. Littafi kuwa yana gefe a rufe, ana dai ta yi masa shiri.

Da malaman jami'o'i suka tsunduma yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa. Na danƙara handawut a bakko, na hau mota sai gida. Na dire shi a tsakar gida na ce wa Hajiya kafin a koma sai na haddace abin da ke ciki kaf. Ta dubi bakkon, ta dube ni, ta ce, "Allah Ya sa," irin wadda ake ce wa ɗan takara in ya yi wa unguwa alƙawarin rijiyar burtsatse.

Da farko mako 4 aka ce. Mako 4 ai na sauke gajiya ne. Aka ƙara mako 8, sai ga azumi a farkon Afrilu, kuma wa zai iya da tsarin mulkin Turawa da bakin azumi a wannan zafin? Sai bayan sallah. Bayan sallar aka ƙara mako 12, sai na lura cewa abin da aka karanta da wuri zubewa yake yi, gara a bari lokaci ya matso. Babbar sallah ta zo a Yuli, nama ya yi mini nauyi. Daga nan damina ta kankama. Ba mu da gona, amma ni ne mai duba wa maƙwabta hadari.

Kada a ce ban taɓuka komai ba. Na sayi farin kwali da maka kala-kala, na zana jadawalin karatu wanda ya fara tun kafin kiran assalatu. Ya yi kyau har na ɗora shi a WhatsApp, jama'a suka yi ta sa mini albarka. Na kuma duƙufa kallon bidiyoyin yadda ake daina ɓata lokaci a YouTube, wani sa'in har biyun dare. A nan na ci karo da dabarar wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, wanda yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa saita agogon kicin mai siffar tumatir, ya yi karatu minti 25, ya huta minti 5. Na gwada. Sai dai ni da waya na saita lokacin, saboda haka lissafin ya juye da kansa: karatu 5, hutu 25, wani hutun ma sai ya zarce la'asar.

Karatun kirki guda da na yi a duk wata takwas ɗin nan, a jikin takardar awara na yi shi. Ƙanwata tana suya a ƙofar gida. Ran nan na sayi ta ɗari, ina ci ina kallon takardar da ta jiƙe da mai da yaji, sai na ga sunan Gwamna Richards, mai tsarin mulkin 1946, ga rubutun hannuna a gefe. Ashe tun bayan ƙaramar sallah ake ƙunshe wa yaran unguwa awara da kwasa-kwasaina. Na shiga gida ina kumfar baki. Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa, ta ce, "Gara ita, ai ta buɗe bakkon."

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aikin. Muka koma, na bi 'yan ajinmu ina roƙon aron takardu in yi fotokwafi. Ana kafe ranakun jarrabawa, gasar cin kofin duniya ta fara a Ƙatar ranar 20 ga Nuwamba. Ran da Saudiyya ta lallasa Ajantina da ci 2 da 1, ƙarfe 11 na safe aka take wasa, ni kuwa ina da lakca, na ce bari in leƙa gidan kallo na minti goma. Da azahar na fito, murya a dishe. Na gwada karatun kwana, wanda ɗalibai ke kira tidibi: na tafi aji da Nescafe da goro da maganin sauro da bargo saboda hunturu. Bargon ne ya ci amanata. Mai shara ce ta tashe ni da safe, tana cewa in ɗaga ƙafa. Abokin ɗakina ya ce dama ba a fafe gora ranar tafiya, na ce ya riƙe karin maganarsa, shi ma yana da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da ya faɗi zai maimaita.

Bayan ɗakunan kwananmu akwai teburin wani mai shayi da kowa ke kira Alaramma, don ya yi gardanci a Gabas, ya haddace Alƙur'ani kafin ya kama sana'a. Gwangwanayen madara a jere sun yi dala, ga burodi, ga kiret ɗin ƙwai, ga tukunya na tafasa a kan gawayi. Bayan isha'i na je na sha haɗin kauri, zuciya ta ɗebe ni, na zaro waya na miƙa masa.

"Alaramma, ga amana. Kada ka ba ni sai na gama jarrabawa, ko da kuka na zo maka."

"Ko da kuka?"

"Ko da kuka."

Bai yi dariya ba, nan ya kamata in sha jinin jikina. Ya kira Baba mai gadi da wani ɗan acaba da ke cin Indomie ya ce su shaida. Ya jefa wayar cikin wani tsohon gwangwanin Bournvita, ya danna murfi da tafin hannu.

Gari na wayewa na dawo. Na ce zan duba sanarwa ne kawai a zauren ajinmu. Ya ce babu. Na ce wayar nan fa tawa ce. Ya ce, "Jiya ma taka ce, ɗan boko." Na sassauta murya na shiga yi masa bayani irin na masu ilimi, cewa matsalata ba waya ba ce, sha'awar karatun ce ba na ji, kuma masana sun ce sai da sha'awa abu ke shiga kai.

Ya ci gaba da fifita gawayi. "Ni kuma kana ganin sha'awa ce ke tashina ƙarfe huɗu in hura wutar nan?"

Ya karɓi handawut ɗin, ya auna nauyinsa a hannu. Ya ce duk wannan nake so in shanye a zama ɗaya, shi ya sa nake gudunsa. A tsangaya, in ji shi, izu sittin ne a gaban yaro, amma ba wanda ke nuna masa sittin ɗin. Abin da allonsa zai ɗauka kawai zai rubuta, ya yi ta nanatawa, ya zo gaban malam ya biya. In ya biya daidai a ce ya wanke ya rubuta na gaba, in ya yi gargada ya koma ya zauna. Ba a tambayarsa ko yau yana jin daɗin rai. Nan take ya yanke mini hukunci: shafi biyu bayan asuba, shafi biyu bayan isha'i, in zo in biya a teburinsa. Duk biyawar da ta yi kyau, ina da minti goma da wayata, a tsaye, a gabansa.

Da yake bokonsa bai yi nisa ba, duk ɗalibin da ya zo shan shayi shi ake danƙa wa takardar ya bi ni. Haka na koma ina tsayawa gaban benci, hannu a baya, ina rero tsarin mulki ga masu cin wainar ƙwai. Na Clifford, 1922, shi ya kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku na Legas ɗaya na Kalaba. Ɗan acaba ya ajiye cokali ya ce, "Arewa fa?" Na ce Arewa ba ta cikin majalisar, gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai. Ya hau ni da faɗa sai ka ce ni na sa hannu. Na Richards, 1946, jihohi uku, Arewa da Yamma da Gabas. Na Macpherson, 1951. Na Lyttelton, 1954, aka shiga tarayya. Abin haushi, kunyar kada in yi gargada gaban 'yan aji ɗaya ta fi duk bidiyoyin da na kalla aiki a jikina.

Ran da na zo kan jam'iyyun Arewa, na ce an kafa NEPU a 1951. Baba mai gadi ya daki benci da sandarsa. "Kai yaro, 8 ga Agustan 1950, a Kano, mutum takwas! Wa ya koya maka?" Ashe mahaifinsa ɗan NEPU ne na a-mutu, shi kuma ya yi PRP tun tana sabuwa. Ya zaunar da ni, ya ɗauko tun daga Malam Aminu Kano da talakawa da harajin jangali da ɗaurin da 'yan Sawaba suka sha a kotunan alƙalai, bai tsaya ba sai da shayina ya huce, minti gomana kuma suka bi ruwa. Tambayar ta fito a jarrabawa. Na juye wa malamin duk abin da Baba ya faɗa, zage-zagen kawai na tace.

Sau ɗaya na yi yunƙurin tawaye. Asabar 10 ga Disamba, Maroko da Fotugal, ƙarfe 4 na yamma. Na ja hular sanyi har gira, na sulale gidan kallo na zauna can baya cikin duhu. Da En-Nesyri na Maroko ya tashi sama ya sa ƙwallon nan da ka, ban san sanda na rungume na kusa da ni ina ihu ba. Sai na ji ƙamshin citta da kanumfari. Alaramma ne. Ya bari na gama murnata tsaf, sannan ya ce, "Ni na yi tilawata ta yau. Kai fa?" Daren nan shafi huɗu na biya.

Ranar takarda ta ƙarshe ban ko koma ɗaki ba, na zarce teburinsa ina taƙama. Ya ɓamɓare murfin gwangwani, ya kakkaɓe wa wayar kiyashi, amma bai miƙo ba. Ya ce akwai magana. Wai tun a daren farko Hajiya ta kira, ya ɗauka ya yi mata bayanin komai, tun daga nan kusan kullum sai sun gaisa ta ji inda karatu ya tsaya. Ni da nake faɗawa WhatsApp kai tsaye, ban taɓa duba jerin kira ba. Har man shanu da kuka ta aiko masa ta hannun direban garinmu, kuma ta roƙe shi in an dawo zango na biyu ya karɓi wayar tun daga ranar rajista.

Ina cikin rantsuwa cewa wannan ba ya cikin yarjejeniya, wayar ta hau ruri a hannunsa. Ya duba ya miƙo mini. Na ɗauka da fara'a.

"Hajiya, barka da yamma, na gama jarrabawa!"

"To madalla. Alaramma na kusa? Ba shi, ba wajenka na kira ba."