Biranen Turai na kwafar juna, amma ba kullum suke kwafar wahalar ba

Idan yarjejeniya ce ke gyara birni, da Turai ta gama tuntuni. A 1994 an sa hannu kan ta Aalborg a Denmark, a 2007 ministoci suka amince da ta Leipzig a Jamus, suka sabunta ta a 2020, a 2016 kuma aka ƙulla ta Amsterdam. Ga kuma alƙawarin magadan gari da Tarayyar Turai ta ƙaddamar a 2008, wanda ƙananan hukumomi sama da 10,000 suka shiga. Dukansu magana ɗaya suke yi: a rage hayaƙi, a rage dogaro da mota, a gina gidajen da talaka zai iya biya, kuma birane su koyi da juna.

Koyi da junan shi ne ɓangaren da ya fi amfani, a ganina, kuma shi ne aka fi yi da ganganci. Tawaga takan je ziyarar gani da ido, ta ɗauki hotunan titin da aka mayar lambu, ta dawo gida da taswira. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne jerin matakan da aka bi, da kuɗin da aka kashe kafin ranar buɗewa, da mutanen da aka zauna da su.

A watan Satumban 1977 birnin Groningen na ƙasar Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu. Mai mota ba zai ƙetara daga wannan yanki zuwa wancan ba sai ya fita titin zobe ya zagayo, amma mai keke da mai tafiya a ƙasa da bas suna wucewa kai tsaye. Dabarar ke nan: ba a hana kowa mota ba, an dai mayar da ita hanya mafi tsawo a gajeriyar tafiya. Bayan shekara arba'in, ranar 3 ga Afrilun 2017, birnin Ghent na Beljiyam ya ɗauki wannan tsari ya faɗaɗa shi. Ya yi yankuna shida kewaye da tsakiyar gari da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, titin R40 kuma ya zama zoben da ake zagayawa ta kansa.

Kafin wannan rana an shafe fiye da shekara biyu ana shiri. An sauya alkiblar tituna da dama, an kafa kyamarori masu karanta lambar mota a wuraren da aka yanke, an tanadi takardun izini ga masu kai kaya da ma'aikatan jinya, an samar da wuraren ajiye mota a bakin gari da bas ɗin da ke kwaso mutane zuwa ciki. An kuma kafa majalisar mazauna gari don ta riƙa bin diddigin abin da ya faru tana kai ƙorafi. Mataimakin magajin gari mai kula da sufuri, Filip Watteeuw, ya sha zagi har da barazana, amma tsarin ya tsaya. Kason tafiye-tafiyen da ake yi da keke ya tashi daga kashi 22 cikin ɗari a 2012 zuwa kashi 35 a 2018, adadin da birnin ya sa ran cimma a 2030.

Brussels, babban birnin Beljiyam, ba ta kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Ghent ba. A 2022, ƙarƙashin shirinta na sufuri mai suna Good Move, aka kai irin wannan tsari unguwar Cureghem a ƙaramar hukumar Anderlecht. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, cike da baƙi, ga babbar kasuwar mahauta, ga dillalan tsofaffin motoci na titin Heyvaert waɗanda kayansu ke sauka a Kwatano da sauran tashoshin Afirka ta Yamma. Mutane da yawa a wurin da mota suke neman abinci. Aka jera musu tubalan kankare a tituna, su kuma suka riƙa ture su cikin dare, taron majalisa ya rikice da hayaniya, kafin ƙarshen Satumba aka janye shirin. Taswirar ba ta da wani aibu a takarda. An dai kwafi yankan tituna, aka bar lissafin wanda zai yi asara da abin da za a ba shi a madadi. Mazauna da yawa sun ce ba a tuntuɓe su ba, kuma sanarwa a intanet ba ta isa ga wanda ke fita aiki tun asuba.

Suwidin ta ba da misali mafi tsabta, domin doka ɗaya ce a birane biyu. Stockholm ta gwada harajin cunkoso daga 3 ga Janairu zuwa 31 ga Yulin 2006. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun watanni kafin a fara karɓar ko sisi aka ƙara bas kusan 200 da sababbin layuka. Aka kafa mashigai 18, kuɗin ya kama daga krona 10 zuwa 20 gwargwadon lokaci, ba ya wuce 60 a yini. Motocin da ke ƙetara iyakar suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Sai aka dakatar, cunkoso ya dawo kowa yana gani, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba, masu goyon baya suka yi nasara da ƙaramin rinjaye, harajin ya zama na dindindin a Agustan 2007. Gothenburg ta kawo nata a 2013 ba tare da gwaji ba, kuma jama'a sun fahimci cewa babban dalilin shi ne tara kuɗin manyan ayyuka, ciki har da ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni. A ƙuri'ar 2014 kusan kashi 57 suka ce a'a. Majalisar birnin ta yanke a ci gaba da karɓa duk da haka.

Akwai abin da ziyara ba ta magancewa ko an yi ta da kyau, wato iko. A Suwidin harajin cunkoso na gwamnatin ƙasa ne, sai majalisar dokoki ta amince. Copenhagen, babban birnin Denmark, ta yi alƙawarin kawar da hayaƙinta baki ɗaya a lissafi, wato ta rama duk abin da take fitarwa, kafin 2025, ta kuma rage shi ƙwarai, amma a 2022 ta sanar cewa ba za ta cika ba, saboda masana'antar ƙona shara ta Amager ba ta cika sharuɗɗan tallafin gwamnati na na'urar kama hayaƙi ba. Birni mai kuɗi da ƙwararru ke nan. Shi ya sa nake kallon shirin 2022 na birane 100 na Tarayyar, da wasu 12 daga ƙasashen da ke ƙawance da ita, da za su kai wannan matsayi kafin 2030 a matsayin buri mai kyau da aka ɗora wa wanda ba ya riƙe da wutar lantarki, ba ya riƙe da dokar haraji. An ɗaga kason birane a asusun raya yankuna na Tarayyar daga kashi 5 zuwa kashi 8 cikin ɗari a zangon 2021 zuwa 2027, to amma kuɗin ta hannun gwamnatocin ƙasa da na yankuna yake bi, kuma sai birni ya zuba nasa kason.

Mai musu zai ce to a daina ɓata kuɗi a tarurruka. Ban yarda ba, domin akwai salon da ke aiki. Shirin URBACT na Tarayyar Turai, wanda ke gudana tun 2002, yakan haɗa birni guda da ya riga ya yi abu da wasu kaɗan masu son koya, na tsawon shekara biyu ko fiye, kuma dole kowanne ya kafa kwamitin masu ruwa da tsaki a gida. Mouans-Sartoux, garin mutum kusan 10,000 a kudancin Faransa, ya jagoranci irin wannan kan abincin makarantu. Tun 2012 abincin ɗalibansa duka na noman da ba a sa takin zamani ko maganin feshi ba ne, kuma kuɗin bai ƙaru ba. Sirrin ma'auni ne: ana auna ragowar abinci kullum, ana zuba wa yaro gwargwadon cinsa, ana yanka 'ya'yan itace ƙanana, har ɓarna ta ragu da kusan kashi 80, rarar ta biya tsadar kayan, gonar ƙaramar hukuma kuma ta kawo kayan lambu. Wannan ilimi ne da mai dafa abinci ke koya wa mai dafa abinci.

Saboda haka kuɗin haɗin gwiwa ya kamata ya koma ga albashin injiniyoyi da masu tsara gari a ƙananan garuruwa, inda sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke rubuta shirin da alƙawarin magadan gari ke buƙata cikin shekara biyu, shi ne kuma ke haɗa rahoton da ake nema duk bayan shekara biyu. A tura ma'aikacin ya zauna watanni a ofishin birnin da ake koyi da shi. Kuma duk birnin da ya karɓi tallafi a wajabta masa wallafa rahoton abin da ya rushe, irin na Cureghem, da farashinsa da dalilinsa, kafin a sakar masa kaso na gaba.